Babu Wanda Ya Mutu a Tafkin Marke

A shekarar da damina ta yi wa Dajin Ƙirya rowa, rafuka suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Tafkin Marke kaɗai ke da ruwa. Nan kowa ke sha, daga giwa har ɓera. Sai wata safiya dabbobi suka tarar an kewaye tafkin da shingen ƙaya, an girke kyarketai a bakinsa. Sanarwa ta fito daga fadar Sarki Zaki cewa an rufe tafkin ne domin a yi masa gyara. Babu wanda ya taɓa jin tafki ya lalace. Amma tun da Kada, Ministan Ruwa, ya ce ya lalace, kuma shi ke kwana a ciki, wa zai yi masa musu?

Gyara ya yi ta tafiya. Manyan fada sukan shiga duba aiki da safe, su fito da yamma jikinsu na ɗiga. Talakawa kuwa aka bar musu wani kududdufi a bayan shinge, rabinsa laka, rabinsa fitsarin wanda ya riga ka zuwa.

A gefen dajin akwai wata jaka mai suna Yalwa, wadda ba ruwanta da harkar mulki. A ganinta, ko wa aka naɗa, kaya dai a bayanta zai kwana. Maƙwabciyarta Iyatu, wata tunkiya mai yawan raha, ta haifi tagwaye a tsakiyar farin. Nono ya ƙafe mata, ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana tsaye ne kawai don bai san yadda ake faɗuwa ba. Da labari ya bazu cewa wani bunsuru mai suna Shekarau ya kira kowa da kowa a fito a yi tattaki zuwa bakin tafki, Iyatu ce ta zo ta sami Yalwa. Yalwa ta ce ita ba ta ga abin da ihu zai yi wa shinge ba. Iyatu ta ce ita ma ba ta gani ba, amma ta gaji da zama tana kallon ɗanta yana tsotson iska.

“Ki dai raka ni, Yalwa,” in ji ta. “Muryarki ta fi tawa kai wa nesa.”

Labarin ya isa fada, Sarki ya tara majalisa. Kada ya yi bayanin cewa gyara ya kai wani muhimmin mataki, kuma nan ba da jimawa ba za a kafa kwamitin da zai tantance matakin. Daga nan Kura Tabawa, Ministar Tsafta da Jin Ƙai, ta miƙe. Ta ce bincikenta ya nuna babu ƙishi a Dajin Ƙirya, abin da ke akwai shi ne wasu maƙiya daga dazuzzukan waje da ke zuga dabbobi su riƙa jin maƙogwaronsu ya bushe. Ta ce ita da kanta takan kasa barci saboda tunanin tumaki da awaki. Majalisa ta shaida haka.

Sarki ya yi hamma, ya gyara geza, ya ce, “Zanga-zanga 'yancin kowace dabba ce, kuma wannan gwamnati za ta kare wannan 'yanci da duk ƙarfinta. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne a yi ta.”

Aka yi tafi. Aka kuma amince a ƙara jami'an tsaro domin kare lafiyar masu tattaki.

Ranar da aka sa, hanya ta cika tun hantsi. Awaki, tumaki, jakuna, barewa, zomaye, har da kunkuru da ya kamo hanya tun jiya. An ce kowa ya riƙo ɗanyen ganye a baki, alamar lumana, sai dai da yawa sun cinye nasu kafin a yi rabin tafiya. Ana tafe ana cewa ruwa muke so, a buɗe mana tafki. Yalwa ta fara da kunya, tana motsa leɓe kawai. Da ta ga taron ya miƙe iya ganinta, sai ta saki murya ta yi kuka irin na jakuna, kuma a karo na farko a rayuwarta babu wanda ya yi mata dariya, amsawa aka yi. Iyatu na gefenta tana tuntuɓe tana murmushi, ta ce ko yau ba a buɗe ba, ta ga abin da za ta ba ɗanta labari.

A bakin shinge Shekarau ya hau kan suri. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Ya ce ruwa na Allah ne, ba a gada, ba a naɗa shi sarauta. Ya ce shi ko yanka shi za a yi, ba zai matsa daga kan surin nan ba sai an buɗe tafki. Tsofaffin tumaki suka yi ta hawaye.

Yana cikin magana Yalwa ta lura da wasu birai da suka kutso tsakiyar taro. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ƙosassu ne, gashinsu a jiƙe, kuma sun fi kowa ɗaga murya wajen kukan ƙishi. Ta taɓa Iyatu don ta nuna mata, amma kafin ta buɗe baki dutse na farko ya tashi ya sauka a goshin wani kyarkeci. Na biyu da na uku suka biyo. Da ta sake dubawa, biran sun haye bishiya.

Kyarketai suka faɗo wa taro ta gaba. Aka juya za a gudu, sai ga ɓauna sun jeru ta baya, su ne ƙarin jami'an da aka kawo don kare lafiya. Suka sunkuyar da ƙaho suka taho. Dama ƙaya, hagu ƙaya. Ƙura ta turnuƙe, babba na taka ƙarami, ƙarami na neman ƙarƙashin babba. Yalwa ta waiga kan suri ko jagora zai faɗi abin yi. Babu kowa a kai.

Iyatu ta faɗi. Yalwa ta ware ƙafafu ta tsaya a kanta, tana harbin duk abin da ya matso, tana ce mata ta tashi. Iyatu ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Wani kyarkeci ya kafa wa Yalwa haƙori a cinya, tururuwar masu gudu kuma ta ɗebe ta ta yi gaba da ita. Da ta samu ta juyo, ta hangi ɓauna ya bi ta inda ta baro. Bayan ya wuce, Iyatu na kwance wuyanta a karkace, ba ta motsi. Yalwa ta yi ta kiran sunanta, har wani cizon ya same ta a gadon baya. Sannan ta gudu, kamar kowa.

Da la'asar ta ja ƙafa ta dawo don ta ɗauki maƙwabciyarta. Ta tarar da fili fes, an share har sawu. Ma'aikatan Kura Tabawa da rundunar ungulaye sun riga sun gudanar da aikin tsaftar muhalli. Tun da aka kafa ma'aikatar, ranar ce ta fara yin aiki a kan lokaci. Yalwa ta zaga filin tana sunsuna ƙasa, ba ta sami ko gashi ba. Ta koma gida ta kai ɗan Iyatu wurin wata akuya mai ɗan sauran nono. Akuyar ba ta tambaye ta komai ba, don ita ma mijinta bai dawo ba.

Washegari fada ta sanar cewa an yi taron cikin lumana, babu wanda ya mutu. Waɗanda ba a gani ba, in ji sanarwar, sun tafi ziyarar dangi ne ba tare da sallama ba. Duk da haka, saboda adalcin Sarki, an kafa kwamitin bincike, kuma Kura Tabawa ce shugaba, kasancewar ita ta fi kowa sanin abin da aka tarar a filin.

Aka yi zaman a ƙofar fada, Sarki na kishingiɗe yana sauraro. A layin manya Yalwa ta hangi Shekarau, an naɗa shi Mai Ba Sarki Shawara kan Harkokin Ƙishi, gemunsa na ɗigar ruwa. Shi ya buɗe taro. Ya ce gwagwarmaya ta shiga sabon salo, yanzu daga ciki za a yi ta, ya roƙi talakawa su ƙara haƙuri. Sannan Kura ta ce duk mai shaidar an kashe wani ya fito, gwamnati ta ba shi tabbacin tsaro. Kyarketai suka matso don tabbatar da tsaron. Kowa ya sunkuyar da kai.

Yalwa ta fito tana ɗingishi. Ta durƙusa ta gaida Sarki, ta ce maƙwabciyarta Iyatu ta mutu a gaban idonta.

“Ina gawar?” in ji Kura.

“Ranki ya daɗe, ita na zo tambaya.”

Kura ta ce kwamiti ba ya aiki da jita-jita, kuma ba a taɓa yin mutuwa babu gawa ba. Amma don kada a ce an danne ta, ta ce Yalwa ta kwatanta wannan Iyatu, idan ma an taɓa yin ta.

Yalwa ta ce, “Fara ce, ranki ya daɗe, kunnenta na hagu a yanke. Mai jego ce. Yunwa da ƙishi sun gama da ita, ba komai a jikinta sai ƙashi da fata.”

Kura ta zabura ta miƙe, ranta a ɓace. “Kun ji irin sharrin da ake yi wa gwamnati ko? Wace yunwa? Allah ya ja zamanin Sarki, babu ramammiya ko ɗaya a cikinsu. Ita mai yankakken kunnen ma har da kitse a awazarta, ni da kaina na...”

Ta tsaya, bakinta a buɗe.

Kada ya lumshe ido. Shekarau ya shiga lissafin kofatansa. Sarki ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari. A cikin taron kuwa, tumaki da awaki da jakuna, waɗanda tun safe idonsu ke ƙasa, suka fara ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. Kuma da aka buga gangar tashi, babu wanda ya tashi.