Tabki a Motar Mushe Ruben

Duk wanda ya ce Madarumfa ba ta da masana, bai taɓa zama a gindin itacen bedin ƙofar gidan Mushe Ruben ba. Shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi da kimiyya a lakwal, wato makarantar boko. Ya ajiye alli, amma bai ajiye koyarwa ba, sai mu dattawan majalisarsa muka zama ajinsa na ƙarshe. In ya ce gabas yamma ce sai mu gyaɗa kai, domin shayinsa da kauri, kuma wa zai ja da mutumin da ke sa tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi? A gabansa Mushe ne, yadda ake ce wa malami da Faransanci. A bayansa Na-Riga-Sani, don ba a taɓa kawo masa labarin da bai riga ya sani ba, ko da haihuwar da aka yi yanzu-yanzu ce.

Da ya bar aiki ya sayi mota 'yar Kwatano, ruwan toka. Akwai rumfa a cikin gida, amma a gindin bedin nan yake ajiye ta, inda duk mai zuwa kasuwa zai gani. Ta yi rani lafiya lau. Ranar da damina ta sauka sosai, ya buɗe ƙofa da safe ya tarar da ƙasan kujerar gefen direba sharkaf.

Ya taɓa, ya sansana, ya sauko da tabarau na biyu.

"Wannan ba yoyo ba ne," in ji shi. "Gumi ne. Motar ƙasar sanyi ce ta zo ƙasar zafi. Ko ɗayanku aka kai ƙasarsu sai jikinsa ya nuna."

Muka ce lalle haka ne. Barnabas, tsohon ma'aikacin gidan waya, har ya ƙara da cewa ya taɓa ganin randa tana yin haka.

Bayan ruwa na uku gumin ya kai idon sawu, motar ta ɗauki warin buhun da ya kwana a rijiya. Tanko bakanike ya zo wucewa, ya durƙusa ya gaishe da tsohon malaminsa, ya ce abin mai sauƙi ne. Mutum ɗaya ya zauna ciki, wani ya riƙa zuba ruwa da bokiti kaɗan-kaɗan, wuri bayan wuri, daga ƙasa zuwa sama, har a ga inda yake ɗiga. Mushe ya dube shi kamar ya kawo masa jarrabawa ba suna a kai. Ya tuna masa cewa sau biyu ya maimaita aji huɗu a hannunsa, sannan ya sanar da mu cewa kimiyya ba wasan wanka ba ce. Tanko ya yi godiya ya tafi.

Kwana biyu Mushe yana zane a takarda, kibiyoyi suna shiga suna fita. Ya liƙe gefen gilashin gaba da danƙo. Ya shafe rufin da kwalta har motar ta zama kamar mai sanƙo da ya yi rini. Sannan ya kwanta a ƙasa ya gano wasu ƙananan huji a gindin kowace ƙofa, ya tashi fuska cike da nasara ya kira mu mu shaida sakacin Turawa. Muka leƙa ɗaya bayan ɗaya, muka yi tir da su. Ya toshe hujin duka da danƙo. Daga baya muka ji cewa ta nan ruwan da ya bi gilashin ƙofa yake fita. Tun daga ranar, in motar ta taka rami sai ka ji ƙofofinta suna kacal-kacal kamar jarkoki a bayan jaki, tabkin gaban kuwa yana nan bai ragu da cokali ba.

Da an tsaya nan da sauƙi. Amma ranar Asabar za a ɗaura auren 'yarsa Jinƙai da wani saurayi ɗan Maradi, kuma Mushe ya riga ya faɗa a gaban dattawan majami'a cewa a motarsa za a kai amarya. Ranar Alhamis, bayan an sheƙa ruwa, ya je tasha ɗauko baffan ango, Malam Yoshiya, dattijo mai sabon takalmi da ƙarancin magana. Mushe ya shimfiɗa kwali a ƙasa don sutura. A kwanar farko ya taka birki, ruwan da ya ɓuya a ƙarƙashin kujera ya taso ya shanye kwali da takalmi da bakin wando. Malam Yoshiya ya ɗaga ƙafafunsa ya rungume gwiwa har gida. Da ya sauka ya ce ya sha jin labarin tabkin Madarumfa, amma bai san har tasha yake zuwa tarbar baƙi ba. Sai ya ƙara, cikin ladabi, cewa za su iya turo tasu motar daga Maradi ranar Asabar.

Mushe ya juya wajen Jinƙai, yana jiran ta ce a'a. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, farar riga ce," ta ce a hankali.

Ranar bai ci tuwo ba, bai fito majalisa ba. Wanda ya saba a tambaye shi ya rasa wanda zai tambaya.

Da safiyar Juma'a matarsa Febi ta ce ya shigo da motar cikin gida. Ya shigo da ita, ya rufe ƙofa don kada mu gani. Ya manta cewa mata ashirin ne a tsakar gida suna daka da suyar biki, kuma rabinsu matanmu ne. Febi ta sa shi ya cusa kai ƙarƙashin gaban motar, ƙafa ɗaya a kan kujera, ita kuma ta ɗauki bokiti. Ta zuba a ƙofa, shiru. Ta zuba a gefen gilashi, shiru. Tana zubawa a gindin gilashin gaba, inda masu share ruwa suke kwanciya, sai ga ruwa a kan tabarau duka biyun.

Suka ɗaga murfin inji, suka cire ragar da ke wurin. A ƙarƙashinta akwai kwaroro mai huji da ya kamata ruwa ya bi ya zube ƙasa. Ganyen bedi da 'ya'yansa na shekara guda sun ruɓe sun cika shi dam, har biyu sun tsiro. Ruwa ya rasa hanya, sai ya bi ta mashigar iska ya sauka ciki. Febi ta ce ai indararo ne ya toshe, irin wanda take sharewa duk damina ba tare da ta zana komai ba. Ta kwashe, ta zungure hujin, baƙin ruwa ya tsiyaye ƙarƙashin mota. Sannan ta sa shi ya ɓalle danƙon gindin ƙofofi, kowace ta yi masa fitsari a wando. Aka ce turmi bai tsaya ba, amma duk taɓaren rawa suke yi don dariya.

Aka shanya shimfiɗar mota a rana. Asabar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Jinƙai ta shiga a bushe ta fita a bushe, Mushe yana tuƙi ƙirji a gaba.

Bayan mako guda ya tara mu ya yi mana lacca a kan matsin ruwa da nauyin iska. Kowannenmu ya riga ya ji labarin a ɗakin matarsa har da kwaikwayo, amma muka gyaɗa kai, muka miƙa kofuna. Ya ce lissafi ne ya kai shi wurin, sauran aikin kuwa wani siririn ƙarfe ne na musamman da ba kowane gareji ke da shi ba. Ya dafa aljihun ƙirji, inda kan ƙarfen yake leƙe kusa da biro, ya faɗi sunansa da Faransanci mai tsawo. Barnabas ya ce a maimaita, ya rubuta a tafin hannu, zai sa a nemo masa a kasuwar Ɗan Isa.

Sai ƙofar gida ta buɗe. Febi ta leƙo, ɗankwali a hannu, rabin kai a tsefe.

"Baban Jinƙai, in an gama karatun, a ba ni kibiyar tsifata."