Rasuwar Zabiya, Rediyon Sammani na Zakka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ma ya sami wurin zama a gefenta, gidan Malam Maude na Zakka, a ƙasar Safana, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Zabiya, akwatin rediyon da ɗansu Sammani ya haɗa da hannunsa. Ta cika a Kaduna ranar Asabar da hantsi, cikin wannan shekara ta 1958, a kan teburi, a babban zauren kwalejin koyon aikin injiniya, gaban Turawa da iyayen ɗalibai da duk wanda ya je kallon baje kolin ayyukan 'yan makaranta. Ajali dai ajali ne, ba mai ja da shi. Amma kowane ajali da sanadinsa, kuma sanadin wannan yana da suna, yana da uba a Batsari, yana kuma hawa keke. Za a zo kansa.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Jikinta katakon akwatin kananzir ne, wanda Sammani ya fere ya goge har ya yi santsi. Zuciyarta ƙwayaye uku ne na gilashi, waɗanda masu sana'ar ke kira bawul, ya ceto su daga wata tsohuwar rediyo da wani Baturen jirgin ƙasa ya yar. Wayar cikinta a jikin guntun gora ya naɗe ta, gorar kuwa daga fadamar Zakka ya sara ta. Duk wanda ya gaisa da Sammani a bara ya ji tabon dalma a yatsunsa. Bakinta, inda muryar ke fitowa, faifai ne da ƙanwarsa Zuwairatu ta saƙa da rinannen kaba, ja da baƙi. Sunan kuwa mahaifiyarsu Inna Hadijatu ce ta raɗa shi, ranar da ta fara jin kiɗan goge na fitowa daga katako, ta dafa ƙirji ta ce, "Yo wannan ai zabiya ka kawo mana gida."

Halayenta nagari ba su ɓuya ga kowa ba. Ba ta taɓa buɗe baki ba sai an nemi ta yi magana, kuma da an ce ta yi shiru take yi. In ta farka takan fara da gyaran murya, ƙiiiii, sannan shuuuu, kamar an zuba ruwa a kaskon suya, daga nan sai mutum ya ji Kaduna a cikin zaure, ko Landan, ko Masar. Abin da aka faɗa mata shi take faɗa, ba ta ƙari, ba ta ragi. Ba ta taɓa cin tuwon gidan mutum ta koma ta ci amanarsa ba. Akwai masu rai da ba za a iya yi wa wannan shaidar ba.

Da Sammani ya kawo ta hutu, ya hau tsamiyar ƙofar gida ya ɗaura mata eriya, Malam Maude bai ko dube ta ba. Shi dama tun farko ba da son ransa aka kai yaron boko ba. Cewa ya yi, "Ka hidda mani abin ga daga zaure, nan wurin karatu ne." Sammani ya roƙi a bar shi ya murɗa sau ɗaya. Allah da ikonsa, murɗawar ta faɗa kan wani makarancin Masar yana jan Suratu Maryam. Malam yana tsakiyar rubutu, alƙalami ya tsaya a hannunsa har tawadar ta bushe. Da aka kai aya ya ce, "Wannan ya iya." Washegari da kansa ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a kusa da buzunsa. Daga nan zauren ya zama dandali. Bayan la'asar manoma su taho daga ƙauyen Darini a kan jakuna, Fulanin rugar gabas su aiko mata da nono kamar wadda za ta sha, mata su jeru a bayan katanga suna kasa kunne. A wannan hutun ne Malam Maude ya fara kiran ɗansa da "malamin waya" a gaban mutane, yana faɗa yana murmushi, Sammani kuwa in ya ji sai ya sunkuyar da kai don kada a ga daɗin da ke fuskarsa.

Cikin masu zama a zauren nan har da Armaya'u, ɗan Alhaji Mati mai sayen gyaɗa a Batsari. Ajinsu ɗaya da Sammani, mota ɗaya ke ɗaukarsu zuwa Funtua, jirgi ɗaya ke kai su Kaduna. Ya ci tuwon Inna Hadijatu har ya san ranar da take yin miyar kuka. Yana kuma neman auren Zuwairatu, toshinsa ya riga ya shiga gida. Shi aikin da ya haɗa don baje kolin ƙararrawar lantarki ce, wadda duk iliminta kalma ɗaya ce, a danna ta ce ƙirrr. Kwalejin ta yi alkawari cewa wanda aikinsa ya fi za a tura shi gidan rediyo ya ƙaro sani wurin injiniyoyi. Duk ajin sun san wanda zai tafi. Armaya'u ma ya sani.

Jinyar marigayiyar ba ta kai a kira ta jinya ba. Da safiyar ranar lafiyarta lau, Sammani ya gwada ta, ta gaishe shi da ƙiiiii ɗinta, ya kashe ya saƙala ƙugiyar murfin baya, inda batiranta biyu suke. Sai aka zo aka ce mahaifinsa yana bakin ƙofa, mai gadi ya hana shi shiga. Malam Maude, wanda bai taɓa wuce Funtua ba, ya bar almajiransa da gonarsa ya biyo jirgi don ya ga ranar ɗansa. Sammani ya juya wurin maƙwabcin teburinsa ya ce, "Armaya'u, duba mani ita in shigo da Baba."

Armaya'u ya ce, "Je ka abinka, ai amana ce."

Da ya dawo da tsohon, alƙalan gasar sun iso, Baturen da ɗalibai ke kira Mai Lofe yana gaba. Sammani ya yi bayani da Turanci, Malam yana tsaye a bayansa da rawani yana duban fuskokin Turawan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya murɗa makunni. Wani haske ya gilma ta ramukan faifan, aka ji tas, ɗan hayaƙi ya biyo baya da wari kamar na ƙonannen gashi. Wannan tas ɗin ita ce kalmarta ta ƙarshe. Ya murɗa, ya sake murɗawa, ya ƙwanƙwasa gefenta, ya kara kunne a bakinta. Mai Lofe ya jira iyakar abin da Bature ke iya jira, ya ɗaga kafaɗa, ya matsa teburi na gaba. Can aka danna, aka ji ƙirrr, aka tafa.

Sammani bai sami ƙarfin zuciyar buɗe ta ba. Nan take ya ɗaure akwatin da igiya ya ɗauka a ka. Sai da jirgi ya wuce Zariya Malam ya dafa faifan ya ce, "A Zakka ai ta yi magana. Ni shaida ne." Sammani ya ce da zaginsa tsohon ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Kwanaki akwatin yana ɗaure a kusurwar zaure, Sammani yana zargin hannunsa, abinci ba ya wuce masa. Ana nan sai ga Armaya'u ya zo jaje, cikin sabuwar riga, ya jingine keke a gindin tsamiya. Zauren cike yake da mutane. Ya gaida Malam, ya juya ya langaɓar da kai ya ce, "Wallahi na ji maka, abokina. Amma kai ma, da saninka da komai, ina kai ina sa jar waya a gurbin baƙa?"

Sammani ya juya wajen akwatin. Ya dubi igiyar, ƙullin da ya yi a Kaduna yana nan yadda yake. Ya tashi ya karɓi wuƙa ya yanke ta a gaban jama'a, ya zare ƙugiyar ya buɗe murfin. Ga jar waya nan a gurbin baƙa. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ƙaramin batir shi ke ciyar da ƙwayayen gilashin, babban kuwa murya yake bayarwa, kuma in wutar babban ta bi hanyar ƙaramin, daidai yake da a ɗura wa jariri lomar ƙato. Wanda ya sauya wayoyin nan ya san haka, don a aji ɗaya aka koya musu.

Malam Maude ya ce, "Kai ɗan Mati, duba kake yi, ko ido gare ka mai ratsa katako?"

Armaya'u ya miƙe. Ya ce ya tuna an aike shi Safana. Ya hau keke har hularsa ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba. Hular tana nan an rataye ta a ƙofar zaure, mai ita ya san hanya.

Marigayiyar ta rasu ta bar batira biyu, ƙarami da babba, babban kuwa ba a riƙe shi da laifi ba, tunda wuƙa ba ta yanka sai da hannu. Ta bar lasifika ɗaya da ya zama bebe, da faifan bakinta, da eriya da har yanzu ke saƙale a tsamiya tana tattara labarin duniya ba wanda za ta miƙa wa. Ta bar Inna Hadijatu da matan bayan katanga. Ta bar Malam Maude, wanda in an idar da la'asar yakan juya ya dubi tabarmar kafin ya tuna. Ta kuma bar Sammani, wanda gurbinsa na gidan rediyo yake hannun mai ƙararrawa, domin da aka aika wa Mai Lofe da labari cewa ya yi an riga an sa hannu, kuma Turawa ba sa kwance abin da suka ƙulla.

Sammani ya durƙusa gaban mahaifinsa ya roƙi a tara almajirai a yi wa Armaya'u saukar Yasin. Malam ya ce, "Ba a ɗaga wa ɗan Musulmi hannu saboda katako." Ya ja carbi, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ban hana ka faɗin gaskiya a kasuwa ba." Zuwairatu ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta tattara turare da ɗankwali da sabulun da aka kawo mata, ta zuba a ƙwarya, ta ɗora wa tsohuwa Lami maƙwabciyarsu da saƙo zuwa ga Armaya'u: "Ki ce masa wanda aka ba amanar akwatin Yaya ya ƙone shi, ba ni ba shi amanar kaina." Alhaji Mati ya aiko dattawa da goro, wai zai sayo sabuwar rediyo daga kanti a Katsina a rufe magana. An karɓe su da mutunci, an ba su fura, Sammani ya raka su har bakin hanya ya ce, "Ku gaida Alhaji. Ku ce masa ba a biyan diyyar 'ya da 'yar wani."

Game da jana'iza, Liman ya yi bayani cewa ba a yi wa katako salla, kuma gidan ya karɓi fatawar. Sauran haƙƙoƙinta kuwa ba za a tauye ko ɗaya ba. Za a ɗauko ta ranar kasuwar Batsari mai zuwa, daidai lokacin da kasuwa ta cika, a kan makarar kara, murfin bayanta a buɗe don duk mai ido ya ga wayoyin yadda aka bar su. Sankiran garin, wanda ake kira Jinjiri, zai riƙa tafiya a gaba yana faɗin sunanta, da sanadin rasuwarta, da sunan sanadin, da sunan ubansa. Za a bi ta 'yan hatsi, a ratsa 'yan goro, a tsaya a huta gaban rumfar sikelin gyaɗa ta Alhaji Mati, tunda masu ɗauka mutane ne kuma wurin yana da inuwa. In gajiya ta sake kama su, an yarda su dawo su ƙara hutawa a nan.

Daga Batsari za a wuce da ita Zakka. An haƙa mata rami a gefen gonar Malam Maude, dab da hanyar da duk mai zuwa Safana daga Batsari sai ya bi. Masu ta'aziyya za su zauna a inuwa, akwai ruwa akwai fura, ana roƙonsu da su yi wa Sammani addu'ar haƙuri, ko da yake ya ce ba ya gaggawar a amsa ta. Armaya'u ɗan Alhaji Mati an tanadar masa tasa tabarmar daban, a bakin ramin, a rana. Sammani ya rantse ba za a zuba ƙasa ko tafi ɗaya ba sai shi ya fara zubawa, da hannun da ya yi aikin. In bai zo ranar ba, ba komai. Za a sa ta a ciki a bar ramin a buɗe, kowane matafiyi ya leƙa ya tambayi dalili, kuma mutanen Zakka sun yi alkawarin ba za su gaji da ba da amsa ba.