Ranar da Gada Ta Kai Ni Kiyawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a zangona na farko a Dutse. Daga Buji aka kawo ni gidan Gwaggo don in yi sakandare. Ba ni da ƙawa ko ɗaya. A aji kujerar jikin taga ce tawa, kuma na fi sanin ƙadangaren da ke shan rana a katanga fiye da yarinyar da ke zaune gefena.

Gidan Gwaggo yana bakin gari, a hanyar Kiyawa, don haka adaidaitar da ke lodin Kiyawa nake hawa. Aikina ɗaya ne: in mun zo wajen mai kifi mai shuɗiyar lema, in ce “A nan.” (Kalma biyu ce, amma tun daga ƙofar makaranta nake fara bitarta a zuciya.)

Ran nan na zauna gefen wani dattijo mai buhun dabino a tsakanin ƙafafunsa. Maɓallin rigarsa na sama da baƙin zare aka ɗinke shi, sauran da fari. Na gaishe shi, ya dubi kayan makarantata.

“’Yata, an koya muku dalilin da ake cewa Dutse Gadawur?”

“A’a, Baba.”

“To me suke koya muku?”

Shi ke nan ya ɗauko. Ya ce maharbi ne ya fara zama a tsakanin duwatsun Garu, tsohon garin Dutse, ya hango gada, kafin ya ɗana kibiya ta yi wur ta ɓace. Ya ce a ƙuruciyarsa da jaki suke kai dabino Kano, su kwana a hanya. Daga baya babbar mota ta fara shigowa ranar kasuwa, mutum ya zauna a kan buhu, akuya ta zauna a kansa. Kwalta mai faɗi kuwa sai da aka ba mu jiha.

Ina kallo shuɗiyar lemar nan ta taho, ta zo daidai mu, ta wuce. Na buɗe baki, “A nan” ta maƙale. Ta yaya zan katse babba yana tsakiyar magana? (Gaskiyar kuma ita ce, tun zuwana garin ba wanda ya taɓa yi mini doguwar magana haka, yana kallon fuskata.) Na ce a raina bari ya kai aya. Baba ba shi da aya. Duwatsu suka koma bayanmu, muka wuce Shuwarin, gonakin dawa suka fara, ni kuwa sai “Allah sarki” nake yi.

A tashar Kiyawa direba ya kashe inji ya waigo.

“Ke, ba ke ce ’yar wajen mai kifi ba? Me ya kawo ki nan?”

Na sunkuyar da kai. “Baba ne yake magana.”

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ƙwalla wa ’yan acaɓa kira. “Ku zo ku ga wadda tarihi ya sato daga Dutse!” Suka taru. Wani ya ce, “Malama, in ba ki ƙoshi ba a ƙarasa da ke Azare!” Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai direban ya dubi dattijon. “Kai kuma Baba, ba Shuwarin ka ce ba?”

Baba ya sosa ƙeya. “Na gan ta sarai. Yarinyar ce na ga tana saurare. A gida da na ce ‘a zamaninmu’ sai kowa ya tuna yana da aiki.”

Tare aka juyo da mu. A Shuwarin ya zuba mini dabino a tafin hannu, ya ja buhunsa ya shige kasuwa. Ban sake ganinsa ba.

Duk hanya ina shirya abin da zan gaya wa Gwaggo. Na yi sallama gab da magariba, tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, “Au, ba kya ɗaki?”

Abin da na koya shi ne, ladabi abu ne mai kyau, amma ba shi da birki. Yanzu tun daga nesa nake cewa “A nan!” da ƙarfi, har direba ya firgita. Sai dai wani lokacin in na sauka, nakan tsaya in bi adaidaitar da kallo.