Tsakuwa Mai Ƙafa Takwas

"Ni fa in na zana tsakuwa, kaza ma sai ta kai mata sara," in ji Gwani, yana murza gashin bakin nan nasa da ya shekara goma yana kiwo. A shagon aski ya saki wannan cika baki, kuma ka san mai aski ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

"To zana mana guda, surukarka ce alƙaliya," in ji mai aski. "In ta ce tsakuwa ce, na sara maka. In ta kira wani abu daban, gashin bakin nan nawa ne."

"Na yarda. Sirrin duk a haske da inuwa yake, ku 'yan kallo ina za ku gane? Ko abin goge fensir ba na riƙewa, gwani ba ya kuskure."

Washegari da hantsi gogan naka ya ɗora tsakuwa a kan tebur a tsakar gida, ya feƙe fensir, ya zana ta, ya ja mata inuwa siririya. Ya tsaya yaba kansa. Ko da ya ɗago, inuwar ta matsa.

"Maman yara, ke kika taɓa min tsakuwa?"

"Ni da nake wanki? Rana ce take tafiya, maigida."

"Ina ruwan rana da aikina?"

Tun da ya rantse ba ya gogewa, sai ya ƙara wata inuwar kusa da ta farko. Ta sake matsawa, ya sake binta. Ya danne tsakuwar da yatsa, ya harare ta, har zaginta ya yi. Kafin la'asar, sarkin taurin kan nan ya yi wa tsakuwa ɗaya inuwa takwas, huɗu dama huɗu hagu, yana ta murna wai aiki ya yi kauri.

Sai ga suruka, mai aski na biye da ita. Gwani ya shimfiɗa takardar a tebur, ya ja da baya yana hura hanci.

Tsohuwa ta leƙa. Ta zare takalmi ta zabga wa takardar sau uku.

"Ku kwantar da hankalinku, na kashe shi. Gizo-gizo har kan tebur, wace irin ƙazanta ce wannan?"

Maman yara ta kifa kai a bahon wanki, kafaɗunta na rawa. Mai aski ya jawo kujera, ya buɗe askarsa.

"Zauna, Gwani. Inuwar nan ta ƙarƙashin hancinka, ni ina da abin goge ta."