Ranar da Aka Kai Dizal ɗin Alhaji Mamuda Gwaji

Duk direban da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san gidan man Alhaji Mamuda, ko da bai taɓa tsayawa ba. Famfo biyu gare shi, ɗaya ya daɗe da yin ritaya, sai wata rumfar kwano da Alhajin ke zama yana ɗaga wa motoci hannu. Mutum ne mai faram-faram, ba ya faɗa da kowa. Aibinsa ɗaya ne: yadda uwargida ke ƙara wa miya ruwa in baƙi sun yi sallama, haka yake yi wa dizal. In tanka ta sauke masa mai, sai ya ɗan bi shi da kananzir. In kananzir ya yi tsada, sai ya aika gareji a tattaro masa baƙin man da kanikawa suka juye daga injuna, a tace da tsumma. Wankin tanka ma bai raina shi ba. Da damina kuwa murfin tankinsa na ƙasa ya tsage, ruwan sama yana zurarawa ciki, aka ce masa ya gyara, ya ce shi ba ya mayar da hannun kyauta baya.

Babbar mai sayen mansa ita ce Hajiya Talatu, wadda ke da injin casar shinkafa a bayan kasuwa. Ana tsakiyar kaka, buhunan manoma sun cika mata fili, sai injin ya fara tari kamar tsohon mashayin tabar gargajiya, ya yi aman baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Bakanike ya buɗe cikinsa, ya dangwalo abin da ke ciki ya murza a yatsa, ya ce shi dai ya san mai, wannan kuma bai san sunansa ba.

Hajiya ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo. Alhaji ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya tambayi mutanen gida har da na maƙwabta, ita kuwa ta ce ba gaisuwa ta kawo ta ba. Da ya ga abin zai kai ga tara masa jama'a, sai ya ɗaga murya ya ce mansa garau yake kamar ruwan idon jariri, in ana shakka a kai shi duk inda ake gwaji, ko Kaduna ce. Ya faɗi haka ne don ya san ba wanda zai bar aikinsa ya tafi Kaduna saboda kwalbar mai. Hajiya ta ce ai ga motarta nan a kunne. Ta sa aka tsiyayo mata man a gabanta, ta ɗaure bakin kwalbar ta jefa a jaka. Ta ce in man ya fita lafiya, za ta ba shi haƙuri a tsakiyar kasuwa. In bai fita ba, ita da sauran masu injuna na garin sun yi sallama da famfonsa, don ita ce shugabar ƙungiyarsu.

Magana zarar bunu. Alhaji ya shiga gida ya zuba babbar riga mai aska tara, ya yi wanka da turare, wai don masu gwajin su san da wa suke magana. A hanya yana ta lallashin zuciyarsa. Launin man daidai yake, ƙamshinsa ma ba laifi. Mene ne gwaji in ban da a ɗaga kwalba a duba a rana, a ɗan shinshina? Shi da ya shekara da shekaru yana wannan sana'a, wane yaron boko ne zai fi shi hanci?

Suka isa ɗakin gwajin a Kaduna, wani wuri mai sanyi kamar cikin firji, kowa da farar riga da safar hannu. Wadda ta karɓe su wata matashiya ce mai tabarau, Malama Zuwaira. Abin da ta fara roƙo shi ne Alhaji ya ɗan ja baya daga teburin, don turarensa ya cika ɗakin. Sannan ta nuna musu wata na'ura mai kama da babban akwati, ta yi musu bayani a tsanake. Ta ce ba shinshinawa suke yi ba. Ɗigon man ake fesawa cikin wata wuta da ta fi ta maƙera zafi nesa ba kusa ba, kowane irin ƙarfe kuma da irin hasken da yake bayarwa in ya ƙone. Daga hasken nan na'urar ke gane abin da ke cikin man da yawansa, ko da bai wuce ƙwayar gero ɗaya a cikin rumbu ba.

Jin zancen ƙwayar gero ya sa Alhaji ya nemi wurin zama. Ya zauna a benci yana gumi cikin wannan sanyin, yana jan carbi da saurin da bai taɓa yi ba. Hajiya kuwa ta buɗe jaka ta fasa goro, ko tayi ba ta yi masa ba.

Can aka kira su. Malama Zuwaira ta juyo da allon kwamfuta, ta fara karantowa. Akwai baƙin ƙarfe, da yawa. Akwai jan ƙarfe, da dalma, da tutiya, har da ɗan kuza. Tana cikin lissafi sai ta ga fuskar Alhaji ta fara washewa. Ashe ɗan kasuwar da ke cikinsa ne ya farka, don ya san yadda 'yan gwangwan ke rububin jan ƙarfe. Ya juya wajen Hajiya yana gyara hula.

"Kin ji ko, Hajiya? Mai kika saya, ashe har da ma'adinai nake haɗa miki a gyara, ban sani ba."

Bai jira amsarta ba, ya matso ya tambayi Malamar ko ta duba da kyau, babu ɗan zinare a ciki. Ta ce babu. Ya ce to in aka tafasa duro nawa za a sami abin ƙera ƙofar gida. Ta ce ko tankinsa duka aka ƙone ba zai ba da abin yin cokali ba, amma ya isa ya cinye cikin injin Hajiya, ya kuwa cinye. Ta ci gaba da cewa sauran gwaje-gwajen sun nuna ruwa, da gishiri, da farar wuta fiye da kima, da kananzir, da tsohon man inji, sai kuma wani abu da ita da abokan aikinta suka yi ta gardama a kansa, daga ƙarshe suka yarda manja ne. Alhaji ya tuna da duron da ya aro wajen wani mai sayar da manja a kasuwa, ya kau da kai yana duban silin.

Hajiya ta rataya jakarta ta miƙe. Alhaji ya ga kasuwarsa za ta fita ta ƙofa tana tafiya da ƙafa biyu, sai ya tattaro hannun rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya yi gyaran murya irin ta manya.

"'Yata, a yi adalci mana. Tun ɗazu tarkace kike ta lissafawa, ban ji kin ce komai a kan man ba. Shi dizal ɗin fa?"

Malama Zuwaira ta gyara tabarau, ta sake leƙa allon.

"Kwantar da hankalinka, Baba. Na'urar nan babu abin da ke ɓuyar mata, komai ƙanƙantarsa. Shi ma mun ga alamarsa."