Niƙan da Na Yi wa Surukaina a Wurma

Shekarar da ofishin gona na Dutsin-Ma ya ba ni tuƙin ƙaramar tarakta, ko gaisuwa daga kan kujerarta nake amsawa. A bayanta akwai sandan ƙarfe mai juya inji, gudunsa iri biyu: na hankali don niƙa, mai sauri don famfon ruwa.

Ana gobe sunan ɗanmu na fari, na ja injin niƙa har ƙofar gidan surukaina a Wurma. Mata suka juye dawar tuwon suna kaf a ciki. Surukina yana zaune a tabarma da dattawa.

Na ce, "Baba, kafin ka gama alwala an gama."

Na ga gudun hankali bai dace da mutum irina ba, na saka mai sauri. Injin ya kurma ihu, buhun bakinsa ya ɓalle, gari ya turnuƙe unguwa.

Surukina ya shafa gemunsa da ya koma fari fat, ya ce, "Sannu da aiki. Tuwon goben, a gemuna za a tuƙa shi?"

Dawar maƙwabta aka aro, mata suka koma turmi suna yi mini waƙa.

Har yau in na shiga Wurma, sai ka ji wata ta ɗaga murya: "Ku rufe ƙorenku, Mai Sauri ya iso!"