Ranar da Na Gaida Surukina da Totur

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a Batsari ba, kuma ko na so in manta 'yan tasha ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ina jin haushin mashin ɗin, ina jin haushin wanda ya ƙera shi, ina jin haushin duk wanda ya yi dariya a wurin, amma wanda na fi jin haushinsa shi ne mai ba ku labarin nan.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Runka, ta ƙasar Safana. Noma na gada, acaɓa kuma na haɗa da ita saboda rani. Da 'yan bindiga suka raba mu da gonakinmu, na kwashi matata Hindatu da yaranmu uku muka dawo Batsari, muka raɓa a ɗaki ɗaya a gidan mahaifinta, wanda shi ne mai unguwarsu. (Wanda bai taɓa zaman gidan surukai ba kada ya ce ya san kunya. Tari ma sai ka fita waje ka yi shi.) Abin da ya rage mini a duniya tsohon mashin ɗina ne, ga mai ya yi tsadar da fasinja ya gwammace ya taka da ƙafa. Akwai ranakun da tuwon da yarana suka ci daga tukunyar surukuwata ya fito, ina ji ina gani.

Wannan mashin nawa yana da wani mugun hali: ba ya son tsayuwa. In na tsaya sai na damƙe kuloci da hagu, ina ɗan murɗa totur da dama, in ba haka ba ya mutu, in ya mutu kuwa sai an tura. To kun dai san gaisuwarmu, ba a yi wa dattijo ita a tsaitsaye. Shekara goma sha ɗaya ina gaida mutane a kan wannan mashin, har hannuna na dama ya koyi tasa gaisuwar. "Ina kwana," ɓurum. "Ina gajiya," ɓurum. "Ya iyali," ɓurum. Ni kaina ban san ina yi ba.

Ana haka sai aka ji wata ƙungiya mai kai allurar rigakafin yara ƙauyuka tana neman mutum ɗaya da zai riƙa ɗaukar kular allura a mashin, daga Batsari zuwa Ruma da ƙauyukan bayanta, wani makon kuma ya zaga ta Tsaskiya. Mashin nasu, mai nasu, albashi duk wata. A wannan zamanin! Surukina da kansa ya saka babbar rigarsa ta Juma'a ya je ya tsaya mini. Ya ce musu duk ƙasar nan babu wanda ya san hanyoyin daji kamar mijin 'yarsa. Ni kuwa tun kafin a ɗauke ni har na kama ɗakin haya a zuciyata, na saka masa labule.

Mu huɗu muka zo gwaji a harabar wani ƙaramin asibiti. Biyu 'yan acaɓa ne da na san ba su kai ni ba. Na ukun Buba ne, wani Bafillatani daga wajen Ruma da aka kore wa shanu gaba ɗaya, aka kuma sare shi a hannun hagu, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Bara-baran nan ya koyi tuƙi, a kan roba-roba, ƙaramin mashin mara hannun kuloci, ta wani maƙwabcinsa. Ko kallo na biyu ban yi masa ba, Allah ya yafe mini.

Sai aka turo mashin ɗin. Dogo, ya tashi daga ƙasa sosai, tayoyinsa da haƙora irin na shiga daji. Raina ya biya. Na kai hannu gefen hagu zan taɓa kuloci, sai na ji wayam. Babu.

Shugabar aikin, Malama Rabi, wata mace mara yawan magana, ta ce, "Kulocinsa na ciki, shi ke kama kansa. Ka taka giya, ka ba shi wuta, ya tafi. In ka tsaya ba ya mutuwa."

Da mai hankali ne sai ya ce to. Ni kuwa sai na buɗe makaranta. Na ce, "Malama, a yi mini afuwa, wannan ai roba-roba ce aka saka wa takalmin soja. In ya nutse a rairayi da me za a lallaɓa shi ya fito? In za a tsallake kwazazzabo da me za a ɗaga kansa? Kuloci ai shi ne linzami. Kuma in ya lalace, wane makanike ne a Batsari zai buɗe cikinsa? Kayansa ma sai an aika Kano. Wannan an yi shi ne don waɗanda ba su iya ba." Da na faɗi ta ƙarshen har da waiwayawa wajen Buba. (Har yanzu ina nan a kan maganata ta makanike da kayan gyara. Sauran kuwa, ku dai biyo ni.)

Buba ya yi murmushi ya ɗaga hannun nan nasa. "Ni dai, Malam, shi kaɗai ne mashin da ke yarda da hannun ga."

Malama Rabi ta dube ni ta ce, "Hanyar da za ku bi, akwai wurin da in mashin ya mutu ba a samun lokacin buga kik. Shi ya sa muka zaɓe shi." Daga nan ta ɗauko ƙwan kaji shida ta jera a cikin kula a kan tsumma. Kowa zai ɗauka bi da bi, ya je rafin da ke hanyar Ruma, ya ƙetare rairayi, ya hau tudu, ya juyo. Wanda ya dawo da wuri kuma babu ƙwan da ya fashe, aiki nasa ne. 'Yan acaɓar nan biyu kowa ya fasa ɗaya, aka sake cikawa. Buba ya dawo da nasa lafiya, amma ya daɗe har mutane suka fara hamma. Ni ne na ƙarshe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mashin ɗin ya yi daɗi. A tsakiyar rairayin nan da tsohon nawa yake shiɗewa, wannan ko gezau. Na rage gudu kamar mai tafiya da ƙafa, bai mutu ba. Na hau tudu da giya ta biyu, bai yi tari ba. A gangare ne kawai na ji ya ɗan sake ni, sai da na haɗa da birki. Hannuna na hagu kuwa duk tafiyar yana ta cafkar iska, sai na ƙyale shi. Na shigo harabar asibiti cikin rabin lokacin Buba, ko motsi ban ji a kula ba. Wallahi aikin nan yana aljihuna.

To ashe kafin in dawo surukina ya iso. An ba shi benci a gindin dalbejiya, kusa da teburin Malama Rabi. Gefe guda kuma ga layin mata da suka kawo awon yara, har da Hindatu da autarmu a baya. Na zo daidai gaban bencin na taka birki. Mashin ya tsaya cak yana ta ɗan gurnaninsa. Kamata ya yi in kashe, in sauka, in durƙusa. Amma shekara goma sha ɗaya sun koya mini cewa ba a kashe mashin sai in an shirya turi. Kuma da yake hannuna na hagu ba ya riƙe da komai, jikina sai ya ɗauka a firi nake, wato ba a cikin giya ba. Alhali a giya ta ɗaya nake.

Surukina ya riga ni magana, don murna. "A'a, har ka dawo? Sannu da hanya!"

Na sunkuyar da kai ƙasa, kamar yadda ake yi wa suruki. "Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba." Ɓurum.

Jama'a, mashin nan bai yi shawara da ni ba. Zabura ya yi kamar jakin da aka tsikara. Na cafki kuloci, babu kuloci. Na sake cafka, iska. Jikina ya yi baya, hannuna na dama da ke riƙe da totur ya ƙara murɗawa. Tayar gaba ta ɗauki ƙafar benci, surukina ya yi baya, ƙafafu sama, babbar riga ta rufe masa fuska, hula ta gangara ta shiga layin mata. Na kwashe teburin Malama Rabi da takardunta. Na bi ta kan butoci uku. Ina ji da kunnena ina ihu, "Ku riƙe shi! Ku riƙe shi!" (Ni da ke kansa nake cewa a riƙe shi.) Ban tsaya ba sai da na haɗu da tankin ruwan asibiti, na kife gefe guda, kula ta buɗe a ƙeyata. Ƙwai shida suka bi ta wuyan rigata suka gangara har ƙugu.

Kuma mashin bai mutu ba. Yana kwance a ƙasa yana gurnaninsa lafiya lau, kamar yadda Malama Rabi ta yi alkawari. Buba ne ya zo ya murɗa makulli, da hannun nan da na raina, sannan ya ɗaga ni.

Aka ruga aka tayar da surukina, aka ga bai karye ba. Sannan wata tsohuwa a layi ta ce, "Wanga wace irin gaisuwa ce?" Shi ke nan, aka fashe. Mata suna dariya har da riƙe ciki, 'yan acaɓar nan biyu suna tafawa, su da suka fasa ƙwai tun a hanya! Na so in ce laifin mashin ne. Na buɗe baki ma. Sai na ga surukina yana kakkaɓe rigar da ya saka domina, bai ko dubi inda nake ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malama, a yi haƙuri. Ni na kawo shi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Buba aka ba aikin, kuma duk haushina ba zan ce an yi zalunci ba. Har yau shi ke kai allura, ban taɓa jin ya fasa ko kwalba ɗaya ba. In mun haɗu a hanya yakan tsaya mu gaisa, ni kuma ina lura da shi: sai ya mayar firi, ya ɗauke hannu daga totur ya ɗora a cinya, sannan ya ce ina kwana.

Da na koma gida ranar, na tuɓe rigar na miƙa wa Hindatu ba tare da na dube ta ba. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsa. Ta daɗe tana kallon ƙwan da ya bushe a jikin rigar, sannan ta ce a hankali, "Ko guda bai tsira ba? Da na roƙa na soya wa yara." Labulen da na saka wa ɗakin haya na cire shi a zuciyata na ninke.

Muna nan gidan har yanzu. Surukina bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai ya mayar da tabarmarsa bayan bishiya, kuma da ya ji ƙarar mashin ɗina sai ya tattare ƙafafunsa. Ni kuma na koyi abu biyu, a makare. Duk abin da ban taɓa hawa ba na daina yi masa wa'azi. Sannan in zan gaida babba, tun daga bakin layi nake kashe mashin, in zare makulli in saka a aljihu, in ƙarasa da ƙafa. Gara a tura ni da safe da in sake tura surukina.